Motar da Baba ya bari: abin da kowannenmu ya gani

Magatakardan fada

Assalamu alaikum ƴan'uwa. A zamanmu na Lahadin da ta wuce, bayan an sauke shayi na biyu, ɗaya daga cikin yaran da suka shigo fadar nan tamu ta hira da shayi a Maradi daga baya ya tambaye ni dalilin da ya sa farar Fijo 504 ɗin da ke gindin dogon yaro ba ta da mai ita, kuma makullinta yake yawo daga aljihu zuwa aljihu. Na fara ba shi amsa, sai na ga ashe ɓangare kaɗai na sani, domin lamarin ya ɗauki wata huɗu, kuma kowa da inda ya tsaya a cikinsa. Saboda haka na roƙi duk wanda ya sa hannu ya rubuto abin da ya gani da idonsa, ban da abin da aka ba shi labari.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, Baba shi ne dattijon da ya ba mu inuwar garejinsa muke zama tun muna mu shida, har muka kai ashirin da uku. Allah ya yi masa rasuwa a watan Oktoba na 2023 bayan jinyar kwana tara, ya bar motar a buɗe, kan injinta a ajiye a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.

Yaron garejin Baba

Wa'alaikumus salam. Ni ne na riƙe masa fitila ranar da ya kwance kan injin, domin motar ta fara shan ruwa, kuma baƙin mai ya koma kalar koko. Washegari ya ce jikinsa babu daɗi, mu bari sai ya samu sauƙi. Bai sake shigowa garejin ba.

Bayan sadakar bakwai na ɗaga buhun da ya rufe injin da shi, kuma abin da na gani shi ya sa ni kukan da ban yi a maƙabarta ba. Duk wanda ya san injin 504 ya san rigunan fistan ɗinsa zararru ne, suna zaune cikin ruwa, kuma idan aka cire kan injin sannan wani ya juya shi, sai su ɗaga, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai, aikin yini guda ya koma na mako. Baba ya ɗaure kowace riga da ƙarfe da noti kafin ya tafi gida, ga shi a lokacin ko tsayuwa tana yi masa wuya. Notocin kan injin kuma ya jera su a jikin kwali bisa tsarin da ya zaro su, ƙananan ya zuba a gwangwanin tumatir, ya rubuta da alli a bango yadda za a bi wajen ɗaure su, daga tsakiya zuwa gefe. Shekara goma sha ɗaya ina tare da shi, na san wannan tsarin kamar sunana, kuma shi ma ya san na sani. Har yau ban goge rubutun ba, ko da yake damina biyu ta cinye rabinsa.

Yawancin aikin da dare muka yi shi, bayan kowa ya tashi daga neman abincinsa. Lokacin kuwa Najeriya ta yanke mana wuta, sai ka ga magidanta huɗu ko biyar sun sunkuya, kowa ya haska fitilar wayarsa, ni kaɗai ke da sifana a hannu. Wani ya ce a miƙo buji, wani ya ce fulogi, domin a Maradi rabin sunayen kayan mota daga bakin Faransa muka samo su, rabi daga Kano.

Alhaji mai Marsandi

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi gaskiya. Ni zan koma baya kaɗan, domin ni kaɗai na rage a fadar nan wanda ya san marigayin yana saurayi. Tare muka yi karen mota, daga baya shi ya samu 504 mai kujera layi uku yana jigila tsakanin Maradi da Damagaram, wani lokaci kuma ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Katsina har Kano, ni kuwa na faɗa kasuwanci. Yaran yanzu suna ganin 504 tsohuwar mota ce kawai, ba su san a zamaninta ita ce sarauniyar hanya ba. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, sannan da aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna a 1975 sai ta zama ta gida, aka ci gaba da harhaɗa ta a can har bayan shekarar 2000, alhali Turawa sun daɗe da barinta. Cikinta yana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, tana haɗiye gargada ba ta gunaguni, kuma babu abin da zai lalace a jikinta wanda makanikin ƙauye ba zai iya taɓawa ba.

Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan gyaran da ake kawowa daga Faransa suka ninka kuɗi dare ɗaya. Marigayin yana cikin waɗanda suka juya akala zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ba ya zuwa da buƙatarsa shi kaɗai, sai ya zagaya garejin abokansa ya rubuta ta kowa a bayan kwalin sigari. Wannan halin ne ya haifi fadarmu, ko da ba a sa mata suna a lokacin ba.

To, ga shi motarsa ta buƙaci gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji da jikinsa, a daidai lokacin da iyaka take rufe, tun bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, kuma ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Na sa an nemo mana guda ta hannun wani mai kawo kaya, muka biya tsada, da ya zo sai ga shi jabu, ramukan ruwa ba su hau daidai ba. Na ji kunyar yaran nan ƙwarai, domin ni na ce su bar mini wannan ɓangaren. Daga ƙarshe sai na tuna da wani tsohon direba a Damagaram wanda suka yi layi ɗaya da marigayin. Na buga masa waya ina ta kewaye-kewaye, ya katse ni ya ce yana da guda sabo fil a cikin ledarsa, ya ajiye shi shekara da shekaru a ƙarƙashin katifa don kada ya lanƙwashe. Ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce a 1980 da wani abu motarsa ta mutu da dare tsakanin Tasawa da Agye, marigayin ya sauke fasinjojinsa a Tasawa ya dawo ya ja shi. Ni da nake abokinsa fiye da shekara arba'in ban taɓa jin wannan labarin daga bakinsa ba.

Malam, mai koyarwa

Salamu alaikum. Na san akwai waɗanda har yanzu idan aka zo wannan gaɓar suke kallona a kaikaice, don haka gara in faɗi nawa da kaina. Ni ne na hana a taɓa motar har tsawon mako uku, kuma da za a maimaita, zan sake hanawa.

Ranar sadakar uku, tun ba a naɗe tabarmi ba, na ji ana cewa fada za ta gyara motar Baba ta ajiye ta don tunawa da shi. Niyya ce mai kyau, amma daga lokacin da rai ya fita motar ta daina zama ta Baba, ba ta kuma zama tamu ba. Dukiyar magada ce, a cikinsu akwai matar da ke da tumuni, akwai ƴaƴa maza da mata, har da yarinyar da ba ta balaga ba, sannan kafin rabo sai an biya bashi. Idan muka zuba kuɗinmu da kayanmu a cikinta kafin a yi mata ƙima, mun cakuɗa haƙƙin marayu da namu, kuma ranar da muka zo saye, kunya za ta hana iyalin faɗin kuɗin da ya dace, tunda suna ganin mu muka tashe ta. Alhaji ya ji zafin maganar, ya ce ina yi musu kallon masu cin dukiyar marayu, muka yi mako biyu muna gaisawa sama-sama. Yaya Alhaji, na sake ba ka haƙuri a kan lafazina, ban da a kan hukuncin.

Abin da aka yi daga baya shi ne, aka kira mutum uku da ba ƴan fada ba, dillalin motoci ɗaya da makanikai biyu, kowa ya duba ta yadda take a kwance ya faɗi ƙimarta a gaban babban ɗan marigayin da ƙanen mahaifinsu. Muka ɗauki mafi tsada a cikin ukun muka biya daga asusun da muke zuba jaka biyu-biyu kowane mako, wanda asali na jinya da suna da ta'aziyya ne. Asusun bai isa ba, aka yi karo-karo, kuma wanda ya fi kowa bayarwa shi ne wanda ya fi kowa fushi da ni.

Saura abu guda da har yanzu ban gamsu da shi ba. A ganina Baba ba zai so motarsa ta zauna gindin itace ana goge ta kamar kayan ɗakin amarya ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan hanya ne. Shi ya sa na nace aka sa sharaɗin cewa duk maƙwabcin da ke da mara lafiya ko mai naƙuda da dare, a ba da makulli ba tare da an tambayi ko ɗan fada ne ba.

Ƙaramin ɗan fada

Ni ban iya gyara ba, aikina a wata huɗun nan wanke ƙarafa da fetur da hura gawayin shayi. Amma ina so a rubuta yadda na shigo. Da can ina cikin masu wasan mota a wajen biki, muna juya ta a tsakiyar titi ƙura tana tashi, yara suna ihu. Wata rana na kawo wa Baba motar yayana ƙafafun baya sun cinye, ya duba tayar ya dube ni, ya ce in ɗauko kujera. Bai yi mini wa'azi ba. Ya sa ni na kwance birkin da hannuna, ya nuna mini abin da ya rage a jikinsa, bai kai kaurin farce ba, sannan ya tambaye ni yara nawa ne suke tsaye a bakin titi ranar bikin. Tun daga ranar nake zuwa kowace Lahadi, kuma ni ne na tambayi magatakarda a ba ni wankin motar ya zama nawa.

Ɗiyar marigayi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Magatakarda ya aiko a tambaye ni ko ina da abin cewa, kuma Inna ta ce in rubuta har da nata.

Garejin bango ɗaya ya raba shi da ɗakin Inna, saboda haka duk daren da kuka yi aiki muna jin ku, har gardamar da kuke yi ƙasa-ƙasa don kada ku dame mu. Tana cikin takaba, ba ta fita, amma takan ce in kai muku kunu, kuma ita ce take gane muryar kowa ta faɗa mini kofi nawa zan ɗauka. Daren da motar ta tashi, cikin sanyin Janairu ne, bayan sallar isha'i. Mun ji an yi ta murza makulli tana tari tana mutuwa, har sau biyar ko shida, sai aka yi shiru, sai muka ji kuna tura ta. Da ta kama, Inna tana kan darduma da carbi a hannu. Ta saurara jim kaɗan, sannan ta ce wutar ta yi sama da yawa, da shi ne da ya rage ta. Na fita na faɗa wa yaron garejin, ya yi dariya hawaye na zuba, ya sa sukundireba ya rage, ƙarar ta kwanta ta koma irin wadda muka tashi muna ji kowace asuba.

Kuɗin da kuka biya an raba yadda shari'a ta ce, kason autarmu yana hannun baffanmu, da shi ake biya mata makaranta. Kuma a watan azumin bara da naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu da tsakar dare, a motar nan aka kai ta asibiti. Ina da roƙo guda: akwai ƙaramin carbi da ke rataye a madubin gaba, wani ya cire shi lokacin wanki ya sa a aljihun mota. Inna ta ce a mayar da shi inda yake.

Magatakardan fada

An mayar da carbin tun jiya, ɗiyata, ki gaya wa Inna, kuma wanda ya cire ya amsa laifinsa. Sauran waɗanda ba su rubuto ba, musamman waɗanda suka tura motar a daren, har yanzu muna jiran nasu.

Game da fitar Lahadi mai zuwa zuwa tabkin Madarunfa, za a tashi daga gareji da ƙarfe takwas, a juyo kafin la'asar saboda yanayin hanyar, kuma ba a yarda kowa ya ware shi kaɗai ba. Motar Baba ce za ta shige gaba, makulli yana hannun Malam a wannan makon. Lagiretonta yana ɗan yoyo ta ƙasa, ba a samu damar like shi ba, don haka duk motar da ke biye da ita ta ɗauko jarkar ruwa guda.