Ɗan ƙanwata ya rame tun da aka yaye shi saboda ciki: shin nonon mai ciki yana cutarwa?

Yayar Mai Jego:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ƙanwata tana aure a wani ƙauye a ƙasar Katsina, ɗanta yana da wata goma sha huɗu, sai ga shi ta samu wani cikin, abin da muke kira kwanika. Da surukarta ta gane, sai ta ce a cire yaron daga nono a ranar, domin wai nonon ciki ne yake sa yara gudawa, aka kai shi gidan kakarsa. Yau wata biyu ke nan, koko kawai yake sha, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa kuma sun fara kumbura. Shin gaskiya ne nonon mai ciki yana cutarwa? Kuma ta yaya za mu shawo kan mijinta game da tazarar haihuwa, alhali da ya ji an ce ƙayyade iyali sai ya tashi ya bar wurin?

Ma'aikaciyar Lafiya:

Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin komai, a kai yaron asibiti gobe da safe, kada a jira ranar kasuwa. Ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafafu biyun, wannan tamowa ce mai tsanani, ko da jikinsa ya yi kama da mai ƙiba. A asibiti za a auna damtsensa da tef mai launi, kuma duk yaron da awonsa bai kai santimita 11.5 ba ya shiga ja. Idan yana iya cin abinci za a ba shi haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari wanda ake bayarwa a leda, ya riƙa ci a gida ana duba shi lokaci zuwa lokaci. Idan kuwa ya ƙi ci, ko yana zazzaɓi, sai an kwantar da shi. Ina roƙo a tsare masa wannan abincin shi kaɗai, domin na sha ganin an raba wa yayyensa, ko an sayar.

Game da nonon kuwa, ciki ba ya lalata shi. Yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sauya, amma mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa idan ta ƙara cin abinci. Abin da ya kayar da yaron shi ne an raba shi da nono da uwarsa a rana ɗaya, aka bar shi da koko tsurarsa, wanda yake cika ciki ba tare da gina jiki ba. A riƙa dama masa kunun gero da garin waken suya da gyaɗa, a ƙara masa ƙwai da zogale.

Malamin Islamiyya:

Allah Ya ba shi lafiya. 'Yar'uwa, ina ganin kalmar ce take korar mijin, domin ƙayyadewa tana nuna masa ana so a yanke masa adadin 'ya'ya. Ku nemi limamin da yake girmamawa ya zauna da shi a kan haƙƙin yaron da ke hannu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika ta, kuma hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a lokacin da Alƙur'ani yake sauka. A kan wannan ne malamai da yawa suka halatta tazara ta ɗan lokaci da yardar miji da mata.

Manomi Daga Maraɗi:

Ban ƙi maganarku ba, amma kada a ɗora komai a kan haihuwa. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya kusa ƙarewa, sauro ya yi yawa, uwa tana gona tun asuba, kuma ƙwan da kuke cewa a ba yaro shi ake sayarwa a sayi gero. Mun ga haka a nan a shekarar 2005. Duk da haka, ni da kaina na raka iyalina aka sa mata ashanar tazarar haihuwa a hannu bayan haihuwarta ta biyar, saboda na ga yadda goyo da ciki suke cinye ta a lokaci guda.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Gaskiyarka, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Shayarwa kaɗai tana hana ciki ne idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Bayan haka akwai allurar wata uku, da ƙwaya, da ashanar da ka ambata, wadda ake cirewa duk ranar da aka so.

Yayar Mai Jego:

Na gode muku ƙwarai. Na danna ƙafar, ta lotsa. Na samu mai babur da zai kai mu da sassafe, kuma na roƙi mijin ya biyo mu domin ya ji bayanin da kunnensa.