Adireshin rauta ya fara da 100.64, kyamara kuma ta ƙi buɗuwa daga waje

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Adireshin da rauta (na'urar raba intanet a gida) ke nunawa a ɓangaren WAN, wato ɓangaren da ke haɗe da kamfanin intanet, ya fara da 100.64, amma shafukan duba IP suna nuna wani daban. An buɗe ƙofa (port) ta 8080 a rauta don kyamarar tsaro, daga waje kuwa shiru. Laifin rauta ne ko na kamfanin intanet? Ina mafita?

Injiniya_Kebul:
Wa alaikumus salam. Malam, rautarka lafiyarta ƙalau, a bayan CGNAT kake, wato tsarin da kamfanin intanet ke haɗa kwastomomi da yawa a kan adireshin waje guda ɗaya. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, kusan biliyan 4.3 ne duka-duka. Hukumar IANA, mai kula da rabon adireshi a duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta a Fabrairun 2011, RIPE NCC mai rabon a Turai kuma nata ya ƙare a Nuwamban 2019. Kamfani ko dai ya sayo adireshi da tsada, ko ya haɗa mutane da yawa a kan guda ɗaya. Don wannan haɗin aka ware rukunin adireshi 100.64.0.0/10, wanda naka ke ciki, a 2012.

Ga lissafin. Kowane adireshi yana da ƙofofi 65,536. A cire 1,024 na farko, saura 64,512. In an yanka wa kowane kwastoma 1,024, mutum 63 ke nan a adireshi ɗaya. In 512 ne, mutum 126. Fakitin (ƙunshin bayani) da ya zo daga waje yana neman 8080, na'urar kamfani zai fara tararwa, ita kuwa ba ta san na wanne ne cikinku ba, sai ta yar da shi. Ko ƙofar gidanka bai iso ba. Haɗin nan ne kuma ke sa idan ɗaya ya yi ɓarna aka toshe adireshin, duka ku sha.

Hajiya_IPv6:
Haka ne. Sai dai CGNAT maganin rage zafi ne, waraka tana ga IPv6, sabon tsarin mai adireshi masu ɗimbin yawa, kuma kowane kamfani da irin tafiyarsa. Wani yana ba ka IPv4 da IPv6 a tare. Wani yana amfani da DS-Lite: layin IPv6 ne zalla, rauta tana naɗe fakitin IPv4 a cikin na IPv6 har zuwa na'urar kamfani. Kamfanonin wayar salula sun fi son 464XLAT, inda wayar da kanta ke juya IPv4 zuwa IPv6, NAT64, wato mai fassara a ɓangaren kamfani, ya sake juyo shi zuwa IPv4 a can bakin hanya. T-Mobile ta Amurka na cikin waɗanda suka fara shi.

Abin da ke cin mutane a DS-Lite shi ne girman fakiti. Naɗin yana ƙara bayit 40, don haka 1,500 ya koma 1,460. Alamarsa: shafi ya fara buɗewa ya maƙale, ƙananan saƙonni kuwa suna wucewa. A saita MSS, wato iyakar girman bayanin da fakiti ke ɗauka, ya dace, kuma don Allah kada a toshe ICMPv6, hanyar saƙonnin kula da layi, gaba ɗaya, domin ta nan saƙon "fakiti ya yi girma" ke dawowa.

Ɗan_Fayiba:
Ɗan'uwa, fara duba ko kana da IPv6. Idan adireshin ya fara da 2 ko 3, na fita duniya ne. Idan fe80 kaɗai ka gani, na cikin gida ne. In akwai, kunna karɓar kason adireshi daga kamfani ta DHCPv6, wato tsarin raba adireshin IPv6, a rauta. Kason /56 yana ba ka ƙananan rassa 256. A nan ba a tura ƙofa, izini kawai za ka bayar a katangar tsaro (firewall) ga adireshin kyamarar, sannan ka ɗaura mata suna da rikodin AAAA (wanda ke haɗa suna da adireshin IPv6) mai sabunta kansa, tunda kason kan canja. Amma wayar da za ka kalla da ita ma sai tana da IPv6.

In babu, ka nemi kamfani ya ba ka IPv4 naka kai kaɗai, galibi da ƙarin kuɗi. Ko ka yi hayar ƙaramar uwar garke mai adireshin waje, ka haɗa WireGuard, manhajar ɓoyayyiyar hanya ta VPN, daga gida zuwa can, da saƙon raya layi duk daƙiƙa 25 don kada CGNAT ya share hanyar. Ni wannan na fi so, domin kyamarar ba za ta zauna a buɗe ga kowa ba.