Na ga jini babu ciwo a mako na 31, shin in jira ranar awo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawararku. Cikina yana mako na 31. A hoton da aka yi mini a mako na 20 an ce mabiyiya ta zauna ƙasa, kusa da bakin mahaifa, kuma za a sake dubawa a mako na 32. Daren jiya na ga jan jini kaɗan, babu ciwon mara, ya kuma tsaya da kansa, yaron yana motsi kamar kullum. Haihuwata ta baya tiyata aka yi mini. Shin in jira ranar awo, ko in tafi asibiti yanzu?

Wata ungozoma: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki tafi yau, kada ki jira. Rashin ciwon nan bai kamata ya kwantar miki da hankali ba, domin haka jinin mabiyiyar da ta sauko yake zuwa: ja, babu ciwo, ya tsaya, sannan ya dawo, kuma dawowarsa takan fi zuwan farko yawa. Gaskiya ne cewa kusan 9 cikin 10 na mabiyiyar da aka gani ƙasa a tsakiyar ciki takan yi nesa da bakin mahaifa yayin da mahaifa ke girma, amma hoto ne kaɗai zai nuna ko taki tana cikinsu. Kada ki bari kowa ya duba ki da yatsa kafin a yi hoton, domin hakan yana iya ɓalle jini mai yawa, kuma ku dakatar da saduwa da maigida har sai likita ya yi magana.

Wani likita: Malama, tiyatar da kika ambata ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Idan mabiyiya ta zauna a kan tabon tiyatar baya, tana iya kafewa cikin naman mahaifa, ta ƙi fita bayan haihuwa, abin da kan jawo zubar jini mai tsanani, wani lokaci har a cire mahaifar. Ki nemi a duba wannan musamman, ki kuma zaɓi asibitin da ke da ɗakin tiyata da ajiyar jini. Idan mabiyiyar ta rufe bakin mahaifa, akan tsara tiyata wajen mako na 36 zuwa 37, kuma tun yanzu ana iya yi miki allurar da ke ƙarfafa huhun jariri.

Wata uwa: Allah ya sauke ki lafiya. Ki tafi da katin awonki, a auna yawan jininki, a kuma tabbatar da rukuninsa. Idan a hanya ciki ya yi tauri da ciwo, ko motsin yaro ya ragu, ki gaya musu da zarar kin shiga, domin hakan yana iya zama alamar cewa mabiyiya ta fara ɓantarewa daga jikin mahaifa, ko da jinin da ke fita kaɗan ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Maigida ya fita nemo mota, yanzu za mu tafi.