Kuben girin kad ɗina ya narke a injin wanki, me zan sa katin a ciki yanzu?

Na Maraɗi:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Shekara uku ke nan da girin kad ɗina, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ya iso ta gidan waya, bayan na shigo ta cacar biza. Ya zo cikin wani ɗan kube na takarda, cikinsa na ƙyalli kamar azurfa, an rubuta a jiki da Turanci cewa a riƙa ajiye katin a ciki don kada ya lalace, kuma don kada wata na'ura ta karanta shi daga nesa. Tun ranar nan a ciki yake kwana, cikin walat, a aljihun baya. Tasi nake ja a Bronx, kun ga ke nan wuni nake yi zaune a kansa.

Ranar Asabar na ciro shi zan cike wata takarda, na tura a aljihun wando, na manta. Maiɗakina ta kwashi kaya ta kai gidan wanki na kan layinmu. Sai da injin busarwa ya kusa gama juyi ta ji wani abu yana ƙwas-ƙwas. Kuben dai ya tashi daga aiki, ya zama dunƙule kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Katin kuwa Allah ya tsare, hoto na nan, rubutu na karantuwa, illa ya ɗan lanƙwashe. Na danne shi da littafi mai nauyi kwana biyu, ya miƙe saura kaɗan. Faɗan da muka yi da ita kan wa ya kamata ya laluba aljihu, wannan ba na dandali ba ne.

Bayan sallar Juma'a na ba wani dattijonmu labari, sai ya riƙe baki. Ya ce akwai yara masu yawo da na'ura a jirgin ƙarƙashin ƙasa, su raɓe ka kawai su zuƙe sunanka da hotonka da ranar haihuwarka, har lambar soshiyal, wato lambar shaidarka ta aiki da haraji. Ya ciro nasa ya nuna mini, an naɗe shi da takardar alminiyam kamar ƙunshin tsire. Tun daga ranar, duk wanda ya matso kusa da ni a layin sayen abinci sai in dafe aljihu.

To don Allah masu sani, maganar dattijon nan gaskiya ce? Kuma katin da ya sha wanka haka, sai na nemi sabo?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Wa alaikumus salam. Malam Na Maraɗi, kwantar da hankalinka. Dattijo ya kama gaskiya ta wutsiya ne.

E, tun sabon samfurin da USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ta fitar a 2010 akwai ɗan cif na RFID, mai aiki da siginar rediyo, a cikin katin, kuma irin wanda ake karantawa daga taku da yawa ne. Ba shi da batir, na'urar da ke karanta shi ce ke tashinsa da siginarta. An sa shi ne saboda masu shigowa da mota ta kan iyakar Kanada ko Meziko. Ni ina zuwa Toronto wajen ƙanwata ta Buffalo, a dawowa kafin in kai rumfar jami'i sai in zare katin daga kube in ɗaga shi, kafin in tsaya bayanaina sun riga ni isa kwamfutarsa.

Amma abin da ke cikin cif ɗin lamba ce kawai. Babu suna, babu hoto, babu ranar haihuwa. Lambar tana nuni ne ga fayil ɗinka a rumbun bayanan gwamnati, wanda ba ya iya shiga rumbun kuwa lamba kawai ya tsinta. Kamar lambar da ake ba ka a wurin ajiyar takalma ce: wanda ya hango ta bai san kalar takalminka ba. Lambar soshiyal kuma ba ta kan girin kad sam, ciki ko waje. Wayar hannu ma ba ta karanta wannan cif ɗin, NFC ɗinta na abu ne da aka manna mata, irin katin banki.

Inda dattijo ke da gaskiya: a 2009 wani mai bincike ya zaga San Francisco da mota da na'ura mai araha, ya kwashi lambobin katin fasfo na mutanen da ke wucewa, kuma fasahar iri ɗaya ce. Tunda lambar ba ta canzawa, mai na'ura zai iya gane cewa katin da ya wuce nan jiya shi ne ya sake wucewa yau. Dalilin kuben ke nan. Sayi wani a intanet, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba. Alminiyam ɗin ma yana aiki, sai dai ranar da jami'i ya ce kawo kati za ka tsaya kana ɓare shi kamar alewa.

Uwar Biyu:

Ƙanena, ni ba na'ura nake jiye maka ba, aljihun bayan nan naka nake jiye maka. Awa nawa kana zaune a kan kati? Wata rana ji za ka yi ƙas. Ka mai da shi aljihun gaba ko na cikin riga, cikin abin roba mai tauri. Kada ka bar shi a gaban mota lokacin zafi, kada ka huda shi don rataya, kuma kada wani ya ruɗe ka ka kai a yi masa lamineshan.

Nawa a gida ya ɓace, wajen bikin 'yar yayata a Kumasi. Na sa shi a ƙaramar jaka tare da kuɗin liƙi, jakar ta yi ƙafa. Kamfanin jirgi ba zai ɗauke ka ba kati ba, sai da na cike fom I-131A, na biya dala 575, na je ofishin jakadancin Amurka a Accra aka ba ni takardar hawa jirgi. Tikiti ya ƙone, hutun aiki ya ƙare ina zaune a Zango. Da na dawo kuma ga I-90, fom ɗin neman sabon kati, na jirana, wani kuɗin daban. Abin da ya taimake ni kawai, ina da kwafin gaba da baya a gida, don haka lambar A ɗina, wato lambar fayil ɗina ta shige da fice, ba ta ɓace mini ba.

Kuma tunda ana maganar sata: satar da na gani da idona ta WhatsApp ce. Mutum ya ɗauki hoton katinsa ya tura wa ejan mai neman masa aiki ko ɗaki, wani ma ya ɗora a sitatus yana Alhamdulillah. Duk abin da dattijonku ke tsoro, suna, hoto, ranar haihuwa, lambar A, ai a fuskar katin suke.

Ɗan Zongo 77:

Ni dai nawa yana akwati tare da fasfo. Hotonsa nake yawo da shi a waya, ba wanda ya taɓa tambayata.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Ɗan Zongo, rashin tambaya ba izini ba ne. Sashe na 264(e) na dokar shige da fice ya ce duk mai shekara 18 zuwa sama ya riƙe katin a jikinsa koyaushe, kuma hukuncin ya kai tara ko kwana 30 a tsare. Hoto a waya ba kati ba ne.

Malam Na Maraɗi, na bar tambayarka ta biyu. In hoto da rubutu da layukan haruffan nan na baya duk suna fita tas, kuma bai tsage ko ya fara ɓarewa ba, ni ba zan kashe kuɗi ba. In ya tsage, I-90 ne, tun Afrilun 2024 dala 415 ta intanet, 465 ta takarda. Ka duba shafin USCIS kafin ka biya, farashin yakan motsa.

Na Maraɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na haska shi da fitilar waya yanzu, babu tsagewa, layukan baya na nan garau. Na yi odar kube guda biyar, ɗaya nawa, ɗaya na maiɗakina, ɗaya zan kai wa dattijo ranar Juma'a ko ya huta da ƙunshin tsire. Hajiya, maganarki ta WhatsApp ta taɓa ni, don bara na tura wa mai gidan haya hoton katin gaba da baya, kuma yanzu na duba, yana nan cikin hirar. Na goge nawa ɓangaren. Nasa fa, yaya ake tambayar mutum ya goge ba tare da ya ga kamar ana zarginsa ba?