Korona ta kai murar 1918 muni kuwa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasu na cewa korona ce annoba mafi muni a tarihi, wasu kuma na cewa zuzuta ta kawai aka yi. In aka jera ta da murar 1918 da Baƙar Annobar Turai, a ina take? Da wane ma'auni ake gwadawa?

Ɗan Lissafi:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka tsaya kan yawan gawa kaɗai, raba shi da yawan mutanen duniya na lokacin. A 1918 duniya na da mutum wajen biliyan 1.8, mura ta kashe tsakanin miliyan 17 zuwa 50, wato kashi 1 zuwa kusan 3 cikin 100. A 2020 mun kai biliyan 7.8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa korona ta jawo mutuwar miliyan 14.9 a 2020 da 2021, kusan mutum 2 cikin 1,000 ke nan. Baƙar Annoba kuwa, daga 1347 zuwa 1351, ta tafi da aƙalla sulusin mutanen Turai. Wannan ba sa'ar korona ba ce.

Uwar Asibiti:
Lissafinka daidai ne, ɗan uwa, amma a yi hattara da adadin mamatan korona miliyan 7 da ake yawan ambata. Waɗanda gwamnatoci suka rubuta ne kawai. Wanda ya rasu a gida ba gwaji, ko a ƙasar da ba ta rajistar mutuwa, ba ya ciki. Shi ya sa ake ɗaukar mace-macen shekarun baya, a fitar da abin da aka saba gani, a cire shi daga na shekarar annoba. Rarar ita ce ɓarnar, har da masu ciwon zuciya da suka rasa gado a asibiti. Ta haka aka samo miliyan 14.9 ɗin.

Sai abin da ya fi damuna. Mutanen 1918 ba su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, penicillin sai 1928 aka gano shi. Yawancinsu ba murar ce ta ƙarasa su ba, nimoniyar da ta biyo bayanta ce. Mu kuwa muna da oksijin, da na'urar numfashi, da maganin dexamethasone wanda ya rage mutuwar masu kan na'ura da kusan sulusi, ga rigakafi tun Disamba 2020. Duk da haka miliyoyi suka tafi. Wanda ya ce korona wasa ce bai ga majinyaci kwance rub da ciki, leɓensa ya yi shuɗi, yana kokawa da numfashi ba.

Mai Tarihi:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙarin da zan yi shi ne shekaru. Korona ta fi cin tsofaffi, murar 1918 kuwa ta ɗebi 'yan shekara 20 zuwa 40, masu noma da masu goyo, ta bar marayu birjik. A Amurka ta kashe wajen 675,000 cikin miliyan 103. Korona ta haura miliyan 1 amma cikin miliyan 330, kusan rabin wancan kason. A ganina korona na ƙasa da 1918, tana kuma sama da murar 1957 da ta 1968 nesa ba kusa ba, don kowaccensu an fi ƙiyasta ta a miliyan 1 zuwa 4.