Yarona ya kafe sai na kai shi faretin Dodgers gobe Juma'a, me kuka gani?

Baban Yaro, Los Angeles

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure, don abin gobe ne.

Shekarata uku a Los Angeles, aikin dare nake yi a wani sito. Har yau wasan besbol bai shige ni ba, amma ɗana mai shekara tara ya faɗa cikinsa tsundum. Maƙwabcinmu ne ya koya masa, wani dattijo ɗan asalin Meksiko da ke zama a baranda kullum da yamma da 'yar rediyonsa. Yaron ya haddace sunayen 'yan wasan Dodgers, ƙungiyar besbol ta garin nan, da lambobin rigunansu kaf.

Jiya Laraba ina ɗaura takalmi zan fita aiki sai unguwa ta kaure da ihu da hon ɗin motoci. Dodgers sun doke Yankees a can New York, 7 da 6, bayan an fara jan su 5 da nema, sun ɗauki kofin World Series, babban kofin besbol na ƙasar nan. Yaron ya fita a guje babu takalmi, na bi shi, na tarar ya rungume dattijon nan, shi kuma dattijon yana ta share hawaye da hularsa.

Yanzu an sanar cewa gobe 1 ga Nuwamba, 2024, da ƙarfe 11 na safe 'yan wasan za su zaga tsakiyar gari da kofin, daga wajen ginin majalisar birni. Yaro ya ce in bai je ba ba zai taɓa mantawa ba. Mahaifiyarsa ta ce magana tana hannuna. Abin da ke damuna uku ne. Gobe akwai makaranta, kuma bai taɓa fashi ba sai da ciwo. A daren jiya an ƙona wata bas an fasa shaguna, na gani a labarai, ina tsoron shiga taro irin wannan da ƙaramin yaro. Sannan ga sallar Juma'a. Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, don Allah ku faɗa mini: mene ne a cikin faretin nan da har babba zai yi kuka a kansa? Ya kai a bar karatun yini guda?

Tsohon Direba, Chicago

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai shi. Zan gaya maka dalili, ka yi haƙuri in na tsawaita.

Ina tuƙa tasi a Chicago lokacin da Cubs, ƙungiyar besbol ta garin, suka ci kofin a 2016. Rabonsu da shi tun 1908, shekara 108 cif. Ka lissafa: an haifi mutum, ya girma, ya yi jikoki, ya mutu yana jira, ɗansa ma haka. Har camfi suke da shi, wai wani mai gidan giya da aka kora daga filin wasa shi da akuyarsa a 1945 ne ya yi musu baki. Ni ban ɗauki wannan da muhimmanci ba, amma jiran nasu na gaske ne, na gan shi a fuskar fasinjojina shekara da shekaru.

A wannan gasar, wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi. Cleveland ta ci uku, Cubs ɗaya tak, kowa ya ce an sake komawa gidan jiya. Sai suka ci uku a jere. Wasan ƙarshe ya wuce turmi tara da aka saba, ruwan sama ya tsayar da shi na minti 17, aka dawo suka ci 8 da 7 a turmi na goma. Na ajiye mota a gefen titi na saurari ƙarshensa a rediyo, tare da wata tsohuwa da na ɗauko, wadda ta ce kada in motsa sai an gama, za ta biya kuɗin jira.

Abin da ya canja mini tunani shi ne katangar Wrigley Field, filin wasansu. Washegari na kai wani fasinja wajen, na ga jama'a sun yi cincirindo da alli a hannu suna rubutu a jikin bulo. Na fito na duba. Sunayen matattu ne: uba, kaka, miji, yayan wani da ya rasu a yaƙi. Wani ya rubuta wa mahaifinsa cewa an ci, ya kwanta da daɗi. Har tsani wasu suka kawo don ƙasa ta cika. Na tsaya a wurin na tuna nawa mahaifin, wanda bai san ma akwai wani wasa mai suna besbol a duniya ba.

Faretin ya kama ranar Juma'a, 4 ga Nuwamba. An rina kogin Chicago ya koma shuɗi. Motocin suka taso daga Wrigley suka bi ta Michigan Avenue har Grant Park. Hukumomin birni sun ce mutum miliyan 5 suka fito; wasu sun ce an yi ƙari a lissafin, kuma ni ma ina ganin haka, tunda mutanen birnin gaba ɗaya ba su kai miliyan 3 ba. Amma dai ban taɓa ganin taro irinsa ba. Mutane da yawa hotunan iyayensu suka ɗaga sama maimakon tuta.

Ka sani kuma wasan nan ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da ake yi mako-mako. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi kafin ma a shiga zagayen fitar da gwani, kusan kullum tun daga bazara har kaka. Muryar mai sharhi a rediyo takan zama kamar ta ɗan gida. Shi ya sa maƙwabcinka ya yi kuka. Je ka tambaye shi da wa ya je faretin da aka yi lokacin da Dodgers suka ci kofin a 1988, za ka ji labari.

Maganar ƙone-ƙone kuma, wannan aikin dare ne, na 'yan maye. Fareti da rana ake yi, ga 'yan sanda, ga shinge, ga iyaye da jarirai a kafaɗa.

Ɗan Bronx, New York

Baba Direba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Kuma in faɗi gaskiya tun farko, ni mai goyon bayan Yankees ne, raina a ɓace yake tun jiya. Turmi na biyar ɗin nan da muka zubar da maki biyar saboda kurakuran da ko yara ba za su yi ba zai daɗe yana ci na.

Ban da wannan, Malam, ni ina ganin makaranta ta fi. Mu da muka zo ƙasar nan don yaranmu su yi karatu, bai kamata mu nuna musu cewa akwai shagalin da ya isa a ajiye littafi dominsa ba. Yau fareti, gobe wani abu. Za a nuna shi a talabijin, ya dawo ya kalla. Na je namu na 2009 a Broadway, inda ake watso yagaggun takardu daga saman dogayen benaye, al'adar da ta faro tun 1886 ranar buɗe mutum-mutumin 'yanci. Na yi tsayuwar awa huɗu cikin sanyi, abin da na gani bai wuce na minti goma ba.

In dai ka yanke za ka kai shi, to ka gaya masa Dodgers ɗin nan asalinsu 'yan Brooklyn ne, a nan New York, a 1958 suka koma can. Kuma a rigarsu Jackie Robinson ya fara buga wasa a 1947, lokacin da ba a yarda baƙar fata ya shiga manyan ƙungiyoyi ba. Ya sha zagi da barazana bai rama ba. Yau babu ƙungiyar da ke ba ɗan wasa lamba 42 saboda girmama shi. Wannan kam ya kamata yaronmu ya sani.

Anti Nas, Boston

Baban yaro, sannu da ƙoƙari. Ɗan Bronx, ka yi haƙuri da rashin, amma yini ɗaya ba ya rushe karatun yaron da bai taɓa fashi ba. Abin da zan roƙa kawai, kada a ce wa makaranta ba shi da lafiya. A rubuta musu gaskiya, a karɓo aikin ranar ya yi shi Asabar. Yaro yana kallon yadda ubansa ke neman uzuri.

Ni na 2013 na gani. A watan Afrilun shekarar aka tayar da bam a wajen gudun fanfalaki na Boston, mutum uku suka mutu, da yawa suka rasa ƙafafu, mu ma'aikatan asibiti mun ga abin da ba ma son tunawa. Da Red Sox, ƙungiyar garinmu, suka ci kofi a ƙarshen Oktoba, aka zaga da su a motocin nan masu tafiya a tudu su kuma shiga ruwa. Da suka iso Boylston Street, daidai layin da masu gudu ke ƙarewa, sai aka tsaya, aka sauko da kofin aka ajiye shi a kan layin. Ina wurin da kayan aikina, daga asibiti na wuce. Ban iya riƙe hawayena ba.

Ga abin da za ka yi. Ka bar mota a gida ka hau jirgi, za a rufe tituna. Ka rubuta lambar wayarka a damtsen yaron da biro mai kauri, don in taro ya yi yawa waya ba ta shiga, kuma yaro in ya firgita yakan manta lamba. Ku zaɓi wani gini ku ce nan za mu haɗu in mun rabu. Ya shiga bayan gida kafin ku kama wuri. Ruwa, hula, ɗan abin taɓawa. Kada ku tsaya inda aka matse sosai, ku nemi bakin wata kwana da za ku iya fita. Kai kuma da za ka sauko daga aikin dare, ka samu ko awa ɗaya ka runtsa.

Juma'a ba za ta wuce ku ba in sha Allahu, hanyar faretin gajera ce.

Baban Yaro, Los Angeles

Jama'a, na gode, Allah ya saka da alheri. Mun je, mun dawo lafiya.

Na bi shawarar Anti, na rubuta wa malamarsa gaskiya. Baba Direba, na kuma yi abin da ka ce, na tambayi maƙwabcina tun daren Alhamis. Da matarsa ya je na 1988. A 2020 Dodgers sun ci kofi amma korona ta hana fareti, kuma a cikin wannan annobar ta rasu. Ya ce da ba zai je ba, gwiwarsa ba ta ɗaukar tsayuwa. Na ce ya zo mu tafi, zan ɗauko masa kujerar naɗewa.

Na taso aiki ƙarfe shida, bakwai da rabi muna cikin jirgi mu uku. Tun a tasha kowa shuɗi ne, har jarirai. Muka samu wuri a Grand Avenue, muka zaunar da dattijo a bakin shinge. Abin da na lura da shi, riga mai lamba 34 ta fi kowace yawa. Shi ma ita ya sa, tsohuwa, ta koɗe. A nan ya ba ni labarin mai lambar, Fernando Valenzuela, yaron ƙauye daga jihar Sonora ta Meksiko wanda ya zo a matsayin mai jifa ya girgiza garin nan a 1981 yana ɗan shekara 20. Ya ce kafin shi, mutanensu da yawa ba sa taka filin Dodgers, domin an tashi iyalansu daga unguwar Chavez Ravine inda daga baya aka gina filin. Fernando ne ya sa suka fara zuwa. Ya rasu ranar 22 ga Oktoba, kwana uku kafin a fara wasannin ƙarshen, kuma jiya da aka yi faretin ita ce ranar haihuwarsa, da ya cika 64. Muna cikin jira sai mutanen da ke kusa da mu suka fara rera masa waƙar ranar haihuwa, ta bazu har tsallaken titi. Dattijo ya miƙe daga kujerar, ya cire hula.

Ɗan Bronx, gaskiyarka, wucewar motocin ba ta daɗe ba. Bas-bas ne masu bene marasa rufi. Na ɗora yaron a wuyana. Ya ga Freddie Freeman, wanda ya yi wasannin da ciwon idon sawu, ya kuma buga ƙwallon da ta tsallake katanga ta gama wasan farko. Ya ga Shohei Ohtani ɗan Japan riƙe da karensa. Ya ga kofin, na azurfa, da 'yan tutoci 30 a kewaye, ɗaya ga kowace ƙungiya. Shi ya faɗa mini adadin, yana ihu a saman kaina har kunnena ya toshe. Labarin Jackie Robinson kuma na ba shi a jirgi, ashe ya sani, amma bai san an yi masa barazanar kisa ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci.

Mun iske huɗuba an fara. Dattijo ya ce ba zai koma gida shi kaɗai ba, ya zauna a kujerarsa a inuwar ƙofar masallaci ya jira mu muka idar. Yanzu haka yaron yana tebur yana aikin lissafin da malamarsa ta aiko, lambar wayata tana nan a damtsensa, ya hana a wanke.