Shewar da ke bin maɓallan sama

Ɗan Kaura: Salamu alaikum. Ina haɗa 'yar osileta tawa a kwamfuta, wato manhajar da ke ƙirƙiro sauti, irin wanda zanensa ke kama da haƙorin zarto. A ƙasa lafiya lau, amma da na hau maɓallan sama sai wata shewa ta biyo, ina hawa tana sauka. Mi za ni yi?

Mai Situdiyo Gusau: Wa alaikumus salam ƙanena. Wagga shewa ta taɓa ja mani asarar aiki. Waƙar biki munka yi, na ɗora algaita da wata manhaja ta kyauta da anka turo mani. A hedifon ban ji komai ba. Ranar kamu, da anka sa ta a manyan sifiku, sai ga ƙara kamar ana gogar kwano da cokali duk inda algaitar ta hau. Uwar amarya ta ce a kashe, cikon kuɗina har yau shiru. Na kwana ina yanka da EQ, wato matatar sauti, a banza, don ƙarar ta riga ta shige cikin kiɗan. Kada ka ɓata dare wajen tacewa daga baya, tun daga tushe ake gyara ta.

Injiniya: Gaskiyar Oga ce. In kana aiki a 44,100, wato samfurin sauti 44,100 a kowace daƙiƙa, iyakar tsinin sautin da kwamfuta ke ɗauka rabinsa ne, 22,050 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa). Shi kuwa zarto yana tafe da 'ya'yansa, ninki biyu, uku, huɗu, ba iyaka. Ka danna 5,000 Hz, ɗa na 8 yana 40,000, ya wuce shinge, sai ya naɗo baya ya faɗo a 4,100, ƙasa da uwar ma. Shi ya sa kana hawa yana sauka.

Na Mafara: A ɗaga zuwa 96,000 mana a huta.

Injiniya: Yana ragewa, ba ya kashewa.

Na Mafara: Kwamfutata ma ba ta ɗauka, fanka ke kuka.

Ɗan Argungu: Ka fara maido mani wayar jak ɗina tukuna, tun azumi.

Na Mafara: Haba Malam, a gaban jama'a? Gobe in sha Allah.

Injiniya: Ɗan Kaura, ka nemi dabarar polyBLEP. Layi kaɗan ne za ka ƙara cikin rubutun manhajarka, yana gyara samfur biyu da ke gefen inda zarton ke faɗuwa, ba ya cin ƙarfin na'ura. Bai share ta duka ba, amma kunne zai huta. In kana son tsaf, ka tanadi teburan sauti, kowane oktaf da nasa, ka zubar da 'ya'yan da za su haura shinge tun kafin a buga.

Mai Situdiyo Gusau: Ni dai teburan nan na fi yarda da su. Wanda ba ya son rubuta komai ya sauke manhajar Vital ko Surge XT, duk kyauta ake samunsu.

Ɗan Argungu: Su mutanen ƙauye da ke saurare a ƙaramar waya, ina za su ji wannan?

Mai Situdiyo Gusau: Za su ji wallahi, 4,100 tsakiyar sifikar waya ne.

Ɗan Kaura: Na gode manya. Injiniya, sautin mai zanen murabba'i fa, shi ma haka?

Injiniya: Sau biyu za ka gyara, wajen hawa da wajen sauka.

Na Mafara: Wa ke da wuta a Tudun Wada? Ina da aikin da zan fitar kafin la'asar.